Ranar da kunnen maigida ya riga kwamfutata

A kan Peugeot 504 na koyi kanikanci, zamanin da kafireto da fulogi ne duniyarmu. Da motocin Kwatano suka cika Kano, sai na tara kuɗi na sayi 'yar na'urar nan mai gano matsalar mota da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, a soket mai baki 16. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan soket na OBD-II a kan ƙananan motoci, shi ya sa da wuya ka ga wadda ta zo daga can babu shi. Nan da nan kaina ya fara girma. Kowa ya zo sai in ce, "Bari a sa mata kwamfuta."

Wata rana cikin hunturu wani Alhaji ya kawo Corolla ƙirar 2008. Fitilar inji a kunne, silo kuma sai karkarwa. Na jona, ta ba ni lambar P0171, wato iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan a cikin inji. Da yake na san sansar da ke jikin salansa ce ke kai wa ƙwaƙwalwar mota wannan rahoto, ban tsaya wata-wata ba na tafi Ƙofar Ruwa na sayo wata na ɗaura, na goge lambar. Fitila ta mutu, Alhaji ya biya.

Kwana uku ya dawo, fuska a murtuke.

Maigidana, wanda ko karatun boko bai yi ba, yana kan benci yana kallona. Ya ce, "Tayar da ita, ka yi min shiru." Ya kara kunne kusa da inji, ya bi robar da ke kai iska da yatsa, ya lanƙwasa ta. Ga tsaga nan a ƙasa, inda ido ba ya kai wa. Iska na shiga ta bayan wata sansa daban da ke auna iskar da inji ke ja, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba. Ashe sansar da na cire gaskiya take faɗa, na kama mai kawo labari na bar ɓarawo.

Abin da ya fi ba ni haushi, amsar tana cikin na'urar tun farko, a shafin da ke nuna aikin inji yana tafiya. Da na buɗe shi kafin mu canja robar, sai na ga ƙwaƙwalwa tana ƙara mai fiye da kashi 20 cikin ɗari a silo, in na taka totur adadin ya sauko. Alamar ɓoyayyiyar ƙofar iska ke nan. Da famfon mai ne ya raunana, sai an taka abin zai ƙaru.

Yanzu ba na goge lamba sai na rubuta ta, na duba wancan shafi, na bi wayoyi da robobi da hannu. Kuɗin sansa kuwa daga aljihuna na mayar wa Alhaji. Ya ƙirga, ya zaro na roba ya miƙa wa maigida.