Dashbod ɗin ziyarar gandun dajin Amurka: layi ya faɗi, amma me ya kayar da shi?

Na gama dashbod ɗin, wato shafin da ke nuna lambobi cikin giraf, kuma gaskiya ina jin daɗin yadda ya fito, amma har yanzu in na tuna yadda lambobin nan suka so su sa mu faɗi abin da ba haka yake ba sai raina ya ɗan sosu. Aikin dai shi ne a nuna yadda ziyarar gandun dajin ƙasa na Amurka ke hawa da sauka. Samun data ba wahala, hukumar National Park Service mai kula da gandayen ta zuba shi a intanet kyauta, wata-wata, gandu-gandu, na jawo shi cikin Power BI, manhajar haɗa dashbod, wannan ɓangaren ba wani labari a cikinsa.

Babban layin giraf na jimillar ziyara ya fito tsaf: wajen miliyan 327 a 2019, korona ta mayar da shi miliyan 237 a 2020, sannan ya yi ta murmurewa har ya kusa miliyan 332 a 2024. Sai dai wannan jimillar ta wurare sama da 400 ce da ke hannun hukumar, har da tituna irin su Blue Ridge Parkway da wuraren tarihi, ainihin gandun ƙasa 63 ne kacal, to ka ware su tun farko.

Inda abin ya girgiza ni shi ne gandun Yellowstone. A 2021 ziyara kusan miliyan 4.9, a 2022 ta dawo wajen miliyan 3.3. Wanda nake yi wa aikin yana gani ya sa yatsa a kan sikirin ya ce shikenan, mutane sun gaji da wurin, a rubuta haka a kanun shafin. Wallahi da an rubuta da an tafka ƙarya, domin a watan Yuni na 2022 ambaliya ce ta cinye hanyoyi, aka rufe duk ƙofofin shiga na kwanaki, ƙofar arewa kuwa ba ta koma aiki sosai ba sai ƙarshen Oktoba, lokacin kakar yawon buɗe ido ta riga ta wuce. Giraf ɗin bai san da wani ruwa ba, faɗuwa kawai ya nuna, kuma faɗuwar tana da kyan gani har ba wanda zai yi tunanin ya tambaya.

Daga nan na koma ina karanta takardun da ke bayanin yadda kowane gandu ke ƙirge, kuma nan ne na ƙara shan mamaki. A wurare da dama ba kawunan mutane ake ƙirgawa ba, na'ura ce a kan titi ke ƙirga motoci, sai a ninka da kiyasin mutum nawa ke cikin mota ɗaya, a cire na ma'aikata da makamantansu. Kuma ziyara ake lissafawa, ba mutum ba, wanda ya shiga yau ya fita ya dawo gobe an ƙirga shi sau biyu. In na'ura ta lalace sai a yi kiyasi, in aka sauya tsarin ƙirge layin zai iya tsalle alhali taron bai canza ba. Hukumar ba ta ɓoye ko ɗaya, duk a rubuce suke, mu masu zumuɗin zana giraf ne ba ma buɗewa.

Saboda haka na goge kalmar "baƙi" a ko'ina na sa "ziyara". Sannan na haɗa wani ƙaramin tebur da hannu, gandu, wata, da abin da ya faru, na ɗaura shi da layin, yanzu in ka ɗora linzami a kan Yunin 2022 na Yellowstone sai ɗan akwati ya fito ya ce ambaliya, an rufe ƙofofi. Haka na yi wa Oktoban 2013 da gwamnatin tarayyar Amurka ta tsaya cik na kwana 16 aka rufe gandayen. Wannan teburin ya fi komai cin lokacina, kuma shi na fi alfahari da shi.

Wani abu kuma, kar ka jera Great Smoky Mountains mai ziyara sama da miliyan 12 a 2024 da Gates of the Arctic na Alaska mai 'yan dubbai a ma'auni ɗaya, ƙaramin zai kwanta a ƙasa kamar ba kowa. Ni na mayar da 2019 ta zama 100 ga kowane gandu, kowa a auna shi da kansa. Har yanzu akwai gandaye da dama da layinsu ya yi tsalle ban gama bin bayanansu ba, na sa musu alamar ja, kuma na roƙi mai aikin kar ya saka su cikin rahoto sai na gama dubawa.