Hayaƙin juji da ciwon marar da ake ce wa mata su daure

Ƙanwata ta yi shekaru tana murƙususu duk lokacin da jinin al'ada ya zo mata, ana dafa mata kanwa da citta ana cewa idan ta yi aure zai wuce, har sai da wata likitar mata ta ambaci sunan cutar: endometiriyosis. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a waje, a kan ƙwayayen haihuwa ko hanji ko mafitsara, yana kumbura yana zubar da jini duk wata, jinin kuma ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana fama da ita, wato kusan mata miliyan 190.

Tun daga nan na shiga karatu a kan musabbabinta, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wasu birai a Amurka. An yi kusan shekara huɗu ana zuba musu ɗan mitsitsin wani sinadari mai guba da ake kira dayoksin a abinci don wani gwaji na daban. Shekara goma bayan an daina, sai wata mai bincike, Sherry Rier, da abokan aikinta suka duba su, suka wallafa a 1993 cewa kashi 79 cikin ɗari na biran sun kamu da cutar, kuma waɗanda suka fi cin sinadarin su ne ciwonsu ya fi tsanani. Dalilin da masana suke hasashe yana da ma'ana: wannan nama yana rayuwa ne da sinadarin istirojin na jikin mace, dayoksin kuwa yana dagula aikin irin waɗannan sinadarai, yana kuma raunana garkuwar jiki wadda ya kamata ta share naman da ya ɓace hanya.

A kan mutane hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. A ranar 10 ga Yuli, 1976 wata masana'anta ta yi aman dayoksin a garin Sebeso na Italiya, kuma binciken da aka fitar a 2002 a kan mata 601 na yankin ya nuna alamar ƙarin haɗari, amma ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Abin da mace ta gada daga iyaye ma yana da nasa kason a wannan cuta.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin dayoksin ba sai da masana'anta ake samunsa ba. Yana fitowa ne idan aka ƙona shara mai robobi a fili, irin wadda ake cinna wa wuta a jujin unguwarmu kowace yamma, awaki da kaji suna kiwo a cikin tokar washegari. Sinadarin yana maƙalewa a kitse, shi ya sa sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi, kuma jiki yakan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabinsa. Yarjejeniyar Sitokholm ta 2001, wadda Najeriya ta amince da ita, ta sanya shi cikin gubobin da ya wajaba a rage, tare da man PCB na tsofaffin taransifoma.

A gidanmu mun daina hura gawayi da leda, na kuma roƙi mai unguwa a hana cinna wa jujin wuta. Ya ce mini, "'Yata, idan ba a ƙona ba, ina za a kai ta?" Motar kwashe shara ba ta shigo layinmu ba tun kafin damina.