Diramar da ta hana ni barci

Ranar Asabar ƙanwata ta matsa min na raka ta kallon wata dirama a kan safarar 'yan mata zuwa ƙasashen waje da ɗalibai suka yi a filin makarantarsu, kuma wallahi har yau abin bai bar min zuciya ba.

Ba wasu kaya fa, tabarma biyu ce da benci ɗaya, bencin nan shi ne kujerar tsakar gida, shi ne bayan Hilux a hanyar Agadas, shi ne kuma gadon ɗakin da aka kulle yarinyar a Libiya. Wata Hajiya ce ƙawar uwarta ta zo da atamfa da turare tana cewa "ai gyaran gashi za ta yi a Turai, wata uku kacal ki fara ganin alat", uwar sai godiya har da durƙusawa. Nan ne jikina ya yi sanyi, don ba su kawo mana wani mugu mai jajayen idanu ba, irin matar nan ce da ake shimfiɗa wa darduma a kawo mata ruwan sanyi, kowa a wurin ya san irinta.

Da aka zo wurin rantsuwa aka yanki gashinta da farcenta aka ba boka, filin ya yi tsit. Haka ake yi wa 'yan matan Edo da ake kaiwa Italiya, a ɗora wa yarinya bashin da kan kai Yuro 30,000 ko fiye, ita ba ta ma san nawa ne a naira ba, kuma da jikinta za ta biya madam, wato matar da ke riƙe da ita a can, in ta gudu an ce haukacewa za ta yi ko ta mutu. Shi ya sa a Maris 2018 Sarkin Benin da ke jihar Edo, Oba Ewuare II, ya tara bokaye ya warware rantsuwar ya tsine wa masu safarar. A 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya wajen 11,000 suka isa Italiya ta teku, hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na cikin haɗarin a jefa su karuwanci.

Mu nan sai mu ce ai matsalar 'yan kudu ce, to amma ta ina motocin ke bi in ba ta Kano da Damagaram da Agadas ba? Kuma namu yaran da ake kwasa da sunan aikatau a ƙasashen Larabawa a karɓe musu fasfo fa?

Ana tsaka da wasa sai suka tsayar, irin salon nan na wasa da jama'a da aka san ABU Zariya da shi, suka ce duk wanda ke ganin zai iya hana tafiyar ya shigo fili. An daɗe ana kallon-kallo, kunya ta hana kowa, can wata dattijuwa ta gyara mayafi ta shiga, ba ta ko kalli Hajiyar ba, uwar ta fuskanta muryarta na rawa ta ce "'yar nan, kin tambaye ta ina tata 'yar take? Me ya sa ba ta kai tata ba?"

A hanyar gida ƙanwata ba ta ce uffan ba, sai da muka kusa layinmu ta ce min Yaya, akwai wata 'yar ajinmu da aka ce ta tafi aiki waje tun bara, kuma lambarta ba ta shiga.