Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bencin da Ya Kwana a Zaurenmu

Makon jiya na tsaya a shekarar da na sayi keken ɗinki na biyu a Bukoki, nan Yamai, kuma da daga nan zan ɗora. To shekaranjiya na je gaisuwar mutuwa, aka shimfiɗa tabarmi, ni da Yaya muka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar baƙin juna, sai maganar benci ta dawo mini ɗanya. Bari in sauke ta, shekarun da na tsallake ma dawo musu in Allah ya yarda.

Asabar ce, 17 ga Janairun 2015. Tun ranar Juma'a muka ji abin da ya faru a Damagaram, an taso daga masallaci an ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, an rasa rayuka. Dalili kowa ya sani, jaridar nan ta Faransa, Charlie Hebdo, ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga kuma shugaba Mahamadu Isufu ya je Paris jerin gwanon 11 ga wata, wanda aka yi bayan harin da aka kai wa jaridar. Kada wani ya ce ban ji zafi ba. Daren nan ko tuwo ban iya ci ba. Amma da hantsin Asabar ɗin ya yi, aka watsa taron zanga-zanga wajen babban masallacin Yamai da hayaƙi mai sa hawaye, samari suka bazu cikin unguwanni, sai na ga hayaƙi na tashi daga inda babu Bafaranshe ko ɗaya.

Katangarmu ɗaya da Baba Kafinta. Bagurme ne daga wajen Makalondi, Kirista, ya riga ni zama unguwar da shekaru. Shi ya yi mini teburin yanka, shi ya yi gadon auren uwar ɗakina, kuma ranar layya shi ke riƙe mini ƙafar rago yana tsokanata, wai Ba'adare bai iya fiɗa ba sai lissafin kuɗi. Wajen azahar matarsa ta leƙo ta kan katanga, ba ta ce uffan ba, ta miƙo mini jikarta. Na karɓa. Sai ta miƙo ta biyu. Su bakwai suka kwana ɗakin Inna kwana uku, matata ta ba matan hijabai don ko wani ya shigo. Shi tsohon ya ƙi tsallakowa, ya ce ba ya barin kayan aikinsa. Sai na ɗauki tabarma da buta da tasbaha na zauna ƙofar gidansa har la'asar sakaliya. Yara biyu sun zo da galan a hannu, ɗayansu ni na ɗinka masa kayan salla, bai ma gama biyana ba. Na kira sunan ubansa. Suka wuce.

Ba jarumta ba ce, gwiwoyina rawa suke yi. Maganar Baba mahaifina ce ta zaunar da ni.

A 1984, shekarar yunwar da muke kira El Buhari, Inna ta kwanta da ciwon ciki har ta daina gane mutane. Ƙauyenmu na tsakanin Madawa da Ƙwanni, asibitin mishan na Galmi ne kusa da mu, wanda aka buɗe tun 1950. Dangi suka taru suka ce kada a kai ta, wai can in an yi maka allura sai an karanta maka littafinsu. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ɗaura jaki a amalanke yana cewa, "Ciwo bai san alƙibla ba." Ina da shekara goma sha ɗaya, ni na riƙe mata kai a hanya. Aka yi mata aiki ta tashi, ta ƙara shekara talatin da ɗoriya tana salla biyar. Yaya ma yana cikin amalanken nan, shi ya riƙe butar ruwa. Abin da ke ci mini rai ke nan: ya gani da idonsa.

Da magariba ta ranar Asabar ɗin na shiga gida, sai na yi tuntuɓe da benci a zaure. Dogo ne, an shafe shi da man katako, ƙafa ɗaya ta karye, gefensa ya yi baƙi da wuta. Ɗan Yaya na fari, wanda ke hannuna yana koyon ɗinki, yana tsaye yana haki, wai ya samo wa fadarsu wurin zaman shan shayi. Na tambaye shi daga ina. Ya sunkuyar da kai. Na kife bencin, sai ga alamar da Baba Kafinta ke yi wa duk abin da ya ƙera, ƴar tsaga uku a ƙasan katako, irin wadda ke ƙarƙashin teburina. Jikokin mutumin da ya yi bencin suna ɗakin Inna suna cin tuwonmu, bencin cocinsa yana zaurenmu.

Na kira Yaya a waya. Na ce, "Yaya, ɗanka ya shigo mini da kayan sata." Ya ce, "Wace sata? Ganima ce." Na ce, "Yaya, ka manta Galmi?" Ya ce in ina son zama ɗan koren arna, in je, amma kada in ɓata masa yaro. Kalmar nan, ɗan koren arna, daga bakin wanda muka sha nono ɗaya. Shekara nawa yanzu, ban haɗiye ta ba.

Daren nan shugaban ƙasa ya fito a talabijin yana cewa masu ƙona wuraren ibada ba su fahimci Musulunci ba, malamai ma suka fito suka yi kiran a kwantar da hankali. Daga baya ƴan sanda suka ba da lissafi: coci 45 a Yamai kaɗai, gidajen giya 36, mutum 5 sun mutu. Aka yi zaman makoki na kwana uku. Ranar Lahadi ba a yi ibada a cocin Katolika ba, unguwa tsit, ba ganga ba waƙa, abin da a da muke ƙorafin yana hana mu barcin safe.

Asubahin Lahadin na sa yaron ya ɗauki gaba, na ɗauki baya, muka kai bencin gidan Baba Kafinta. Ya shafa wurin ƙunar da tafin hannunsa, ya duba ƙafar, ya ce da yaron, "Miƙo mini guduma can." Ko tambaya ɗaya bai yi ba. Yaron ya riƙe, shi yana buga ƙusa, hawaye na zuba wa yaron a kan katako. Da ma zagi ya yi da ya fi mana sauƙi.

Bayan haka ne aka shiga tarurrukan tattaunawa tsakanin addinai, limamai da fastoci da ƴan Katolika. A shekarar ma aka yi bikin ɗora Laurent Lompo, ɗan ƙasa na farko da ya zama babban bishop na Yamai, Bagurme kamar maƙwabcina, tsohon ya yi mako yana yi mini fankama. Ni ma mai unguwa ya taɓa tura ni wani taro a wani otal, ba zan faɗi waɗanda suka shirya ba. Faransanci aka yi daga safe har azahar, aka ɗauki hoto, aka raba ambulan na kuɗin mota. Na ɗaga hannu sau uku in ba da labarin benci, mai riƙe da abin magana ya ce lokaci ya ƙure. Ban ce taron banza ba ne, na ga limami da fasto suna cin shinkafa faranti ɗaya, kuma yara na gani. Amma matar da ta cire hijabinta ta ba maƙwabciyarta ba wanda ya gayyace ta, tana gida tana daka.

Yaron nan yanzu yana da shagonsa a Wadata, da yara biyu masu koyo a hannunsa. Da Baba Kafinta ya kwanta ciwon ƙafa, shi ya riƙa kai shi asibiti a kan babur. Na so in ce wa Yaya, ka ga, ciwo bai san alƙibla ba. Na buɗe baki wajen gaisuwar nan ta shekaranjiya, sai aka ɗaga hannu za a yi fatiha, na shafa tare da kowa, ya tashi ya nemi takalmansa.

Mako mai zuwa zan koma kan keken ɗinkin nan da bashin da na ci a Katako don in saye shi.