Godiya Ga 'Yan Uwana Marubuta Bayan Ƙaddamar Da Littafina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Littafin da muka daɗe muna zancensa ya fito, an ƙaddamar da shi ranar Asabar ɗin da ta wuce a nan Kano, kuma baƙin da suka taso daga Zariya da Katsina da Gusau da Damagaram duk sun sanar da ni sun isa gida lafiya. Na gode wa Allah da ya nuna mana. Ba zan kama sunan kowa ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka fi yi min wahala matan aure ne da ba sa son a riƙa yawo da sunansu, amma na san kowa zai gane kansa.

Godiya ga mahaifiyata da addu'arta ba ta taɓa yankewa ba, da maigidana da ya ɗauki ɗawainiyar zirga-zirga tsakanin gida da maɗaba'a, da ƙannena da suka tsaya a kan kujeru da ruwa da tarbar baƙi. Godiya ga uban taro da shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa, da duk wanda ya ɗaga hannu ya sayi kwafi, mai yawa da mai kaɗan. Allah ya mayar muku da ninkin abin da kuka kashe.

Amma wannan saƙo na 'yan uwana marubuta ne, kuma a kansu zan daɗe.

Wanda bai taɓa buga littafi da kuɗin aljihunsa ba ba zai san kaɗaicin da ke cikin abin ba. Magabatanmu da suka shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East ya shirya a 1933 sun sami wanda ya zauna ya bi rubutunsu, ya ce nan a rage, nan a gyara, kafin a kai ga ɗab'i. Waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga wa littafi su ma suna da edita a kansu. Mu kuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980, da matasa suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai tacewa, shi ne mai cinikin takarda, shi ne kuma mai ɗaukar kwali ya kai wa 'yan kasuwa bashi, sai an sayar a biya shi. Babu wanda aikinsa ne ya ce maka labarinka bai nuna ba. Abin da ya riƙe iyayenmu na wancan lokaci shi ne junansu. Ƙungiya irin Raina Kama, wadda su Malam Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suke ciki, har jerin littattafan 'yan ƙungiya sukan buga a cikin littafin ɗan uwansu, ta yadda wanda ya sayi ɗaya zai fita neman saura. Wannan gadon ne kuka raya min, kuma kun ƙara da abin da ya fi talla tsada: kun faɗa min gaskiya.

Da na gama rubutun na tura wa 'yan zaurenmu, ina tsammanin irin amsar da muka saba yi wa juna a WhatsApp in an saki sabon shafi: Masha Allah, Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba. Addu'a ce mai kyau, ina son ta, kuma ina yi wa wasu. Sai dai ba ta gyara littafi. Antinmu, wadda ta girme mu duka a harkar, ta buga rubutun a takarda da kuɗinta, ta bi shi da jan biro, ta aiko min da shi cikin leda ta hannun ɗan adaidaita sahu. Da na buɗe, kusan babu shafin da jan bai taɓa ba. Inda na haɗe kalmomin da ake rabawa ta ja layi a tsakaninsu, inda na raba waɗanda ake haɗewa ta zagaye su. A gefen wani shafi ta rubuta cewa matar da take takaba ba za ta tsaya tana wannan doguwar magana da baƙon namiji a zaure ba, in sake tunani. A ƙarshen babi na bakwai kuwa kalma uku kawai ta rubuta: nan na gaji. Anti, wannan ledar tana nan na adana ta tare da takardun makarantata. Allah ya ba ki lafiya da nisan kwana, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka.

Tun da labarin a kan rikicin gado yake tafiya, akwai wuraren da sai mai ilimin abin. Malam, wanda marubuci ne kuma ya yi shekaru yana aiki a kotun shari'a, ya zauna da babin rabon gadon ya yi lissafinsa kamar shari'ar gaske ce a gabansa. Shi ya tuna min cewa tumunin da matar mamaci take samu in akwai 'ya'ya, in matan biyu ne raba shi za su yi tsakaninsu, ba kowace ta ɗauki nata tumunin ba, kuma sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya kafin a taɓa komai. Wannan gyaran ya canja ƙarfin labarin gaba ɗaya, domin da rabon ya ƙanƙance sai dalilin gabar matan biyu ya fito fili. Ya kuma nuna min yadda ake zama a kotu, wa yake fara magana, yaushe ake neman shaidu, yaushe ake kaiwa ga rantsuwa. Na gode, Malam. Ita kuma 'yar uwata ta Damagaram ta karɓi duk wuraren da baƙuwar da ta zo daga Nijar a cikin labarin take magana, ta mayar da su bakin mutanen can, har kuɗin da take ƙirgawa ta mayar da shi jika-jika na sefa. Ƙawata, kin yi min abin da ba zan iya da kaina ba ko da na shekara ina ƙoƙari.

Sai maganar kuɗi. Kowa ya san abin da ya sami farashi tun 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Yawancin takardar da ake ɗab'i da ita daga waje ake shigo da ita, don haka kuɗin da na tanada ya tashi daga isasshe ya koma rabi ina ji ina gani. Na yi niyyar ajiye maganar bugawa, in sayar da shi a waya kawai kamar yadda muke yi, a biya a shiga zaure a karanta. Ku kuka hana. Mai ɗaukar adashinmu na wannan zagaye ta bar min ɗaukarta ta koma ƙarshe, alhali ita ma nata littafin yana jira. Wasu suka biya kuɗin kwafi biyar, wasu goma, tun littafin bai shiga inji ba. Wani ɗan uwa ya zana bangon bai karɓi ko sisi ba, sai da na yi da gaske ya amshi kuɗin data. Wani ya bi min hanyar samun lambar shaidar littafi ta ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma sanar da ni cewa doka ta ce mai buga littafi ya kai musu kwafi uku su adana, na kuwa ware su tun ranar da kwalayen suka iso.

Dalilinku na cewa a buga a takarda ya zauna min. Da OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet, ya rufe a ƙarshen 2023, marubutanmu da yawa sun wayi gari babu rumfar da suka jera littattafansu. Waya takan lalace, zaure yakan watse. Littafin da ke kan kanta a gidan mutum yana nan.

Akwai wani dare da ba zan manta ba. An turo min gwajin farko daga maɗaba'a, sai na ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ɗan akwati babu komai a ciki, saboda kwamfutarsu ba ta da irin harafin da aka tsara littafin da shi. Ga shi washegari za a yi fileti, wato farantin da inji yake buga shafuka da shi. Na sanar a zaure hankalina a tashe. Ƙanena a harkar rubutu, ɗalibi ne a jami'a kuma yana tsakiyar jarrabawa, ya ce Yaya turo min. Ya sake tsara littafin, ya mayar da shi PDF yadda haruffan ba za su motsa ba, wasu 'yan uwa mata uku suka raba babi-babi suna dubawa a wayoyinsu. Kafin kiran assalatu sun gama. Ƙanena, Allah ya ba ka sa'ar jarrabawarka, ya haɗa ka da masu tsaya maka.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a rai daga ranar taron. An saba mai sharhin littafi a wurin ƙaddamarwa ya tashi ya taƙaita labarin, ya yabi marubuci da iyayensa, ya ce kowane gida ya kamata ya mallaki kwafi, ya zauna. Malamin da na roƙa ya yi min sharhi ya tambaye ni tun farko: sharhi kike so ko kirari? Na ce sharhi. Ya kuwa yi. Ya yabi yadda zancen mutanen cikin labarin yake fita kamar a tsakar gida ake jin sa, ya yabi babin zaman makoki. Sannan a gaban jama'a ya ce tsakiyar littafin har yanzu tana jan ƙafa, kuma na yi wa uwargidan rashin adalci, na shafa mata baƙi tun daga shafin farko ban bar mai karatu ya ga abin da ya mayar da ita haka ba. Na ga wasu dangina suna gyara zama, ƙanwata har ta matso ta riƙe hannuna. Ni kuwa wallahi daɗi ne ya cika ni, domin na tabbata mutumin nan ya karanta littafin tun daga bango har bango, ya ɗauke shi aikin da ya isa a yi masa hukunci.

Maganar uwargida na karɓa hannu biyu, kuma zan riƙe ta a rubutu na gaba. Inda ya ce da na sulhunta matan biyu a ƙarshe, nan kam, Malam, da girmamawa ban bi ka ba. Na ga gidajen da gado ya raba har aka koma ga Allah ba a shirya ba, kuma su nake so mai karatu ya tuna in ya rufe littafin. Mun yi wannan musun da kai bayan taro, a tsaye bakin ƙofa, kuma ina fata mu ci gaba da shi a rubuce inda kowa zai karanta. Haka malamanmu suka yi a shekarun 1990, su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu da Malam Ibrahim Sheme da Farfesa Yusuf Adamu, suka yi ta muhawara a jaridu a kan littattafan da aka kira Adabin Kasuwar Kano. An yi zafi a lokacin, amma wannan muhawarar tana cikin abin da ya sa jami'o'i suka waiwayi rubutun da a da ake wucewa ba a kallo.

Don haka ga roƙona ga duk wanda littafin ya shiga hannunsa. Ku karanta, ku rubuta abin da kuka gani. Ku faɗi babin da ya riƙe ku da wanda kuka tsallake, wanda kuka yarda da shi cikin mutanen labarin da wanda kuka ce mutum ba ya yin haka. In kun ga kuskuren rubutu ku ba ni lambar shafi, saboda bugu na biyu. Ba na neman yabe ni in yabe ki, irin wanda muke yi wa juna don kada zumunci ya ɓaci. Ya cuce mu, ya sa mai karatu ya daina yarda da duk abin da marubuci ya faɗa a kan littafin ɗan uwansa. Ba kuma zan biya kowa ya yabe ni ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da kawai nake roƙo shi ne a tsaya a kan littafin. An sha ganin wanda zai ce sharhi yake yi, sai ya bar labarin ya koma kan auren marubuciya ko tarbiyyar gidansu. Na san 'yan mata masu basira da suka ajiye alƙalami saboda irin wannan, kuma har yau ina jin ciwon rashinsu.

Ga masu karatuna da suka biyo ni tun ina sakin shafi-shafi a waya, ku ne kuka fara sa ni jin cewa abin da nake rubutawa yana isa wani wuri. Na gode. Ina roƙon ku da girman Allah kada a ɗauki hoton shafukan a watsa, kada kuma a karanta shi a YouTube ba da izini ba. Akwai adashin mutane a cikin kowane kwafi.

Waɗanda suka biya tun kafin bugu, kwafinku yana hannuna da sa hannu. Na cikin Kano za mu haɗu a zaman karatun wata-wata na ƙungiyar marubuta ta ANA, na nesa kuma za a ba direbobin tasha cikin makon nan insha Allah, zan sanar da kowa ta waya. 'Yar uwar da ta bar min ɗaukar adashinta, rubutunki ya iso, na buga shi a takarda, na kai babi na huɗu, kuma na sayi jan biro. Ki saurare ni kafin ƙarshen wata.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Wassalam.