Ƙulla Dabino a Madina da Shirin Sabuwar Lambar Kaya

Sana'armu ƙulla dabino ce. Muna saye daga gonakin da ke kewayen Madina da kuma kasuwar dabino, mu tsince, mu wanke, mu busar, mu auna, mu zuba a kwali ko leda, sannan mu rarraba wa shaguna. Ajwa da Safawi da Mabrum na nan gida ne, Sukkari kuwa daga Ƙasim ake kawo mana shi. Mahaifina da buhu da sikeli ya fara, yana sayar wa alhazai a hannu. Ni na gaji wurin da injin like leda guda biyu, da ɗakin sanyi, da ma'aikata waɗanda yawancinsu 'yan uwa ne da 'ya'yan maƙwabta. Abin da ya fi cin lokacina a 'yan watannin nan ba dabinon ba ne, wani ɗan murabba'i ne mai ɗigo-ɗigo da muke shirin bugawa a bayan kowane kwali.

Kowa ya san tsohuwar lambar kaya, mai layi-layi baƙi da fari, wadda ake haskawa a wurin biyan kuɗi ta yi ƙara. Tun ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara haska ta, a wani kanti da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, a jikin fakitin cingam. Wadda muke amfani da ita a nan mai alƙaluma 13 ce. Ukun farko namu 628 ne, domin a ofishin Saudiyya na GS1, ƙungiyar da ke ba da waɗannan lambobi, muka yi rajista. Wanda ya yi tasa rajistar a Najeriya zai ga 615. Mutane da yawa suna ɗauka alƙaluman nan ƙasar da aka yi kaya suke nunawa, alhali inda kamfani ya yi rajista kawai suke faɗa. Bayansu sai lambar kamfani, sai ta nau'in kaya, sai alƙalami na ƙarshe da ake lissafowa daga sauran don a gane idan na'ura ta yi kuskuren karatu. Iyakar abin da ke cikinta ke nan. Ba ta san ranar da aka ƙulla kaya ba, ba ta san ranar lalacewarsu ba, balle gonar da suka fito.

Ƙungiyar GS1, wadda hedikwatarta ke Brussels, ita ke kula da wannan tsari a duniya, kuma ta sa wa masu kantuna buri da ake kira Sunrise 2027: zuwa ƙarshen shekarar 2027 na'urorin wurin biyan kuɗi su iya karanta lambobi masu murabba'i, wato QR da DataMatrix, kamar yadda suke karanta mai layi-layi. Ba doka ba ce da za a ci tarar wanda ya saɓa, kuma ba a sa ranar da za a jefar da tsohuwar ba. Na faɗi haka ne saboda na ji wasu abokan sana'a suna tayar da hankali, suna cewa kwalayen da suka buga duk sun zama asara. Ba su zama ba. Za a daɗe ana tafiya da biyun tare. Sai dai wanda yake kai kaya manyan kantuna ya san halinsu: ranar da suka shirya, takarda za su aiko cewa daga wata kaza ga yadda suke son kaya, kuma ba za su jira ƙaramin kamfani ya gama lissafi ba.

A ƙasar nan idonmu ya riga ya saba da irin wannan lamba. Tun 4 ga Disambar 2021 rasit ɗin da ake ba mai saye a shago yake fitowa da QR, bisa tsarin Fatura na hukumar zakka da haraji da kwastan. Kwalin magani ma, duk wanda ya duba zai ga ƙaramin murabba'i na DataMatrix, domin hukumar abinci da magunguna da shi take bin sawun magani daga masana'anta zuwa kantin magani. Abin da ake so a yi wa abinci da sauran kaya ya yi kama da na maganin.

Bambancin kuwa babba ne. Tsohuwar lamba sunan gida kawai take faɗa, sabuwar tana faɗin sunan gida da sunan yaro da ranar haihuwarsa. A cikinta kowane bayani yana da alƙaluman da ke shige masa gaba: 01 lambar kaya, 10 lambar kashi (wato rukunin kayan da aka ƙulla tare), 17 ranar lalacewa, 11 ranar da aka yi kaya. Kwanan wata kuma da shekara ake farawa, sai wata, sai rana, don haka 270331 na nufin 31 ga Maris 2027. Idan na'urar kanti ta karanta wannan, tana iya hana sayar da kwalin da lokacinsa ya wuce, tana iya rage farashin wanda ya kusa, ba sai yaron shago ya bi kanta yana juya kwali ɗaya-ɗaya ba.

A nan aikinmu ya sauya gaba ɗaya. Da can, lambar Ajwa mai rabin kilo guda ɗaya ce har abada. Mu kai zane maɗaba'a, a buga mana kwali dubbai da lambar a jiki, mu jibge a sito, mu yi ta ɗiba. Kwanan wata kaɗai muke bugawa a wurinmu, da ɗan inji mai fesa tawada wanda rubutunsa ke fitowa ɗigo-ɗigo, ido ya karanta ya wuce. Yanzu tunda lambar kashi da ranar lalacewa suna cikin murabba'in, maɗaba'a ba za ta iya buga shi tun da wuri ba. Dole a buga shi a kan layin ƙulli, a lokacin da kayan ke wucewa, kuma ya fito tas yadda na'ura za ta karanta a haskawar farko. Tsohon injin feshinmu bai iya wannan da kyau ba: idan bel ya ɗan girgiza, murabba'in ya karkace, ɗigon ya shiga ɗan uwansa.

Mun koma firinta mai aiki da zafi da ribon, wato zirin da ke ɗauke da tawada, muna buga sitika muna liƙawa. Ko a nan akwai abin lura. Sitikar da ba ta buƙatar ribon, irin ta rasit, ta fi araha, amma zafi yana baƙanta ta. Kwalin da ya yini a bayan mota a watan Yuli a Madina, kafin ya isa Jidda farin takardar ya koma toka-toka, baƙi da fari sun daina rabuwa. Ribon mai kakin zuma zalla kuma yana gogewa idan kwalaye suka goga juna, sai wanda aka gauraya da ƙaro ko mai ƙaro zalla. Sukkari ɗanye da ke fitowa daga ɗakin sanyi da tasa matsalar: yana fitowa iska mai zafi ta buge shi, leda ta yi gumi, sitika mai gam na yau da kullum ta fara ɗagowa ta gefe. Ga kuma danƙon dabino a hannun ma'aikata. Yatsa ɗaya mai danƙo ya taɓa sitika, ƙura ta manne, an samu tabo a tsakiyar lamba. QR yana da juriya, gwargwadon matakin da aka zaɓa yana iya karantuwa ko da kashi 7 ko 15 ko 25 ko 30 cikin ɗari ya lalace, amma duk ƙarin juriya ƙarin girma ne, fili kuwa a bayan kwalin giram 250 ba shi da yawa. Saboda haka muka raba aiki: mai taɓa dabino ba ya taɓa sitika.

Ɗan yayata ne ke riƙe mana ɓangaren kwamfuta, shi ya ankarar da ni batun girman ɗigo. Ƙa'idar GS1 ta ce kowane ƙaramin gida na murabba'in kada ya gaza milimita 0.396, wanda aka fi so shi ne 0.495. Firintarmu mai ɗigo 203 a inci ɗaya ce, kowane ɗigo milimita 0.125. Ya ce min, “Kawu, mu sa kowane gida ya zama ɗigo huɗu cif, rabin milimita ke nan. Idan muka bar manhaja ta ja hoton yadda ta ga dama, wani gida zai samu ɗigo uku wani huɗu, ido ba zai gani ba amma sikana za ta yi ta gardama.” Haka muka yi. Da bayanan da muke sawa, lambar ta kama kimanin santimita biyu kowane gefe, har da farin filin da dole a bari kewaye da ita, wanda ga QR faɗin gida huɗu ne ta kowace kusurwa. Mai zanen kwali kullum so yake ya cike wurin da ganyen dabino da ruwan zinare. Sai da na zauna da shi na nuna masa cewa filin nan ba ado ba ne da aka manta, na'ura da shi take gane inda lamba ta fara.

Launi ma haka. Kwalin Ajwa an saba yin sa baƙi ko kore mai duhu da rubutun zinare, yana da kyau a ido, alhazai suna son sa don tsaraba. Amma na'urorin kanti da jan haske suke dubawa, ja da ruwan lemo da zinare a wurinsu kusan fari ne, leda mai sheƙi kuma tana mayar musu da haske. A sabon zane mun bar taga fara marar sheƙi a baya, a gefen tsohuwar lamba. Shawarar GS1 ita ce murabba'in ya kasance cikin milimita 50 daga tsakiyar mai layi-layin, don na'ura ta gan su tare ta ɗauke su kaya ɗaya. Idan suka yi nisa da juna, ana iya karanta ɗaya, a juya kwali a karanta ɗayar, a caji mai saye sau biyu. Ba a ɗora ta a kan lanƙwasa, ba a kan wurin like ba, ba kuma inda leda ke tattarewa ba.

Duk waɗannan da kuɗi da gwaji ana shawo kansu. Abin da ya fi wuya, kuma wanda nake ganin shi ne ainihin al'amarin, shi ne littafin kashi. Lamba ba ta ƙirƙiro gaskiya, abin da aka ba ta take ɗauka. Idan na buga cewa wannan kwali na kashi kaza ne, dole in iya buɗe littafi in ce daga gonar wane ya zo, ranar kaza aka sauke shi, ranar kaza aka wanke, wane ne ya tsaya a kan injin. A sana'armu al'ada ce idan ragowar wani buhu ta rage a ƙara ta cikin na gaba, tunda duk Safawi ne. Wannan al'ada sai mun bar ta, ko kuma mu rubuta cewa an haɗa. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurinmu, tun zamanin mahaifina yake, ya ce min, “Alhaji, dabino ai dabino ne, wannan rubuce-rubucen fa?” Na ce masa, “Baba, ranar da wani ya buɗe kwali ya ga ƙwaro, me za mu ce wa mai shago? A kwashe duk Safawinmu daga Madina har Riyad, ko a kwashe kwali ɗari biyu na gona ɗaya?” Shi ne yanzu ya fi kowa tsanani a kan kada a fara sabon buhu sai an sauya lamba a firinta. Babban kamfani idan aka dawo masa da kaya yana da ƙarfin ɗauka. Irinmu dawowa ɗaya a lokacin aikin hajji tana iya cinye ribar shekara, ta tafi da sunan da iyaye suka bari.

Tsakanin DataMatrix da QR, mun zaɓi QR mai tsarin da ake kira GS1 Digital Link. DataMatrix ya fi ƙanƙanta, farin filin da yake buƙata gida ɗaya ne kawai, amma kyamarar waya ta yau da kullum QR ta fi ganewa. A wannan tsari lambar kaya da ta kashi suna zaune ne cikin adireshin intanet: na'urar kanti ta tsinci alƙaluman da take so ba tare da ta shiga intanet ba, wayar mai saye kuma ta buɗe shafi. Rabin masu cin dabinonmu ba a nan suke cin sa ba. A Kano ake buɗe kwalin, ko Damagaram, ko Kumasi, bayan alhaji ya sauka ana ta zuwa barka. Ina son wanda aka miƙa wa ya haska ya ga da Hausa wane irin dabino ne, yaushe aka ƙulla, yadda za a adana shi a garin da wuta ba ta tsayawa. Rubutun Larabci dole ne a jikin kwali, Ingilishi ya cinye sauran fili, Hausa ba ta taɓa samun gurbi ba sai yanzu. Sai dai akwai amana a ciki: adireshin da aka buga a kwali dole a ci gaba da biyan kuɗin rajistarsa kowace shekara. Idan aka bari ya faɗi wani ya saye, duk kwalin da ke hannun mutane wurin baƙo zai riƙa kai su. Mun yi rajistarsa da sunan kamfani, ba da sunan wanda ya gina mana shafin ba, kuma mun zaɓi gajeren suna, domin yawan haruffa yana ƙara wa murabba'in girma.

Gwaji da waya bai isa ba. Waya tana haƙuri, tana karanta lambar da sikanar kanti za ta ƙi. Akwai na'urar auna ingancin bugu bisa ma'aunin ISO/IEC 15415, wadda ke ba da maki, ana son kada a gaza 1.5. Tsadarta ta fi ƙarfinmu a yanzu, don haka samfur muke aikawa a auna mana duk lokacin da muka sauya ribon ko takarda. Mun kuma ɗauki kwalaye mun zaga shagunan da muke hulɗa da su. Masu tsohuwar sikana mai jan layin leza ba sa ganin murabba'in ko kaɗan, mai layi-layin kawai suke karantawa, kuma wannan ba matsala. Masu sikana mai kyamara wasu sun karanta, wasu kuma na'urar ta gani amma manhajar kanti ba ta san abin da za ta yi da adireshin ba, sai an sabunta ta. Wannan ba a hannunmu yake ba, shi ya sa tsohuwar lamba za ta zauna a kwalinmu har sai shago na ƙarshe da muke kai wa kaya ya shirya.

Tsofaffin kwalayen da ke sito za mu ƙarar da su a kan ƙananan shaguna da masu saye a hannu. Odar da za mu bayar kafin sabon dabino ya shigo da bazara ita ce ta farko da za ta zo da farar tagar, kuma mun rage yawanta da gangan, don idan wani kanti ya bukaci a matsar da wurin lambar kada mu kwana da kwali dubbai. Da Ajwa mai rabin kilo za mu fara, tunda ita ta fi tafiya, sauran nau'o'in su biyo baya idan layin ya saba.