Zuwa ga mutanen Zazzau, kan maganar korona

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na cikin Birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru. Ina gaishe ku daga Ingila, da fatan kowa yana lafiya.

Har yau idan hirar korona ta taso a waya, sai wani daga gida ya ce min ai 'yan jarida ne suka kambama ta, gwamnati kuma ta samu hanyar cin kuɗi. Ban ga laifin mai zargi ba. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 suka rasu. A ƙarshen Maris 2020 aka sa dokar kulle a jihar Kaduna, aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a, mai fita ya nemo na yau aka ce ya zauna gida da yunwarsa. Sai ga shi a watan Oktoba an fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama, an tarar da kayan tallafi jibge. Wanda ya ga wannan dole ya yi shakkar duk wata sanarwa.

Amma satar tallafi daban, cutar daban. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma da idona na ga dattijon da ya ci abincinsa da safe lafiya lau, kafin mako ya zagayo numfashi ya gagare shi. Mutum sama da 200,000 suka mutu da ita a nan Birtaniya, Firaministan lokacin Boris Johnson kansa sai da aka kwantar da shi a sashen masu tsananin jinya. Saudiyya ta hana maniyyatan ƙasashen waje aikin Hajjin 2020. Wa zai yi wa kansa wannan asarar don labarin ƙanzon kurege?

Na san abin da za ku ce: to mu ina gawarwakin? Alƙaluman hukuma a Najeriya sun tsaya a mutum 3,000 da ɗoriya. Allah ya yi mana sauƙi, gaskiya ne, domin kusan rabin al'ummarmu ba su wuce shekara 18 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Sai dai gwajinmu kaɗan ne, kuma mu mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba wanda ya rubuta sanadi. Ku tuna Kano a Afrilun 2020, yadda dattawa suka riƙa tafiya a jere. Daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan rashin yardar ta bi mu zuwa mashaƙo, amai da gudawa da zazzaɓin Lassa. Don Allah, in tsoho mai ciwon suga ko hawan jini ya fara tari da sarƙewar numfashi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe da saƙonnin WhatsApp, a kai shi asibitin Shika ko mafi kusa. Yara kuma a kai su rigakafi.

Wassalam,
Ɗan uwanku daga Ingila